Filasha Ɗaya da Kwali: Nasiha ga Matasa Masu Koyon Ɗaukar Hoto

Ƙannena maza da mata da kuka shiga sana'ar hoto, ko kuke shirin shiga, akwai wani irin hoto da duk mun saba gani a kundin biki da na suna. Goshin amarya yana ƙyalli, farar shaddar ango ta ƙone fat har ba a ganin aikin da ke wuyanta, ga baƙar inuwa manne da bango a bayan kawunansu, sauran ɗakin kuma duhu. Idan aka tambayi wanda ya ɗauka, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce kayan aikinsa ƙanana ne, da yana da manyan fitilun situdiyo da akwatunan haske na kanti da ba haka ba. Wannan amsa nake so mu zauna mu bincika, domin ta tsayar da matasa da yawa. Wasu sun zauna jiran kuɗin da bai zo ba, wasu sun ci bashi sun sayi kaya amma hoton bai sauya zani ba. Ni abin da na tsaya a kai shi ne, kyan haske a hoto ya rataya a kan girman wurin da hasken ya fito, da nisansa, da gefen da ya fito, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da tsadar kaya ke iya canzawa. Filasha ɗaya mai araha da abin da mutum ya haɗa da hannunsa daga kwali da yadi sun isa makaranta, har ina ganin sun fi kayan kanti iya koyarwa.

Mu fara da hujjar da kowa ke gani ba tare da ya sayi komai ba. Faɗin rana ya kusa kilomita miliyan 1.4, amma da yake tana nesa da mu da kilomita miliyan 150, babban yatsa ɗaya ya isa ya rufe ta. Shi ya sa a tsakar ranar bazara inuwar mutum take fita da kaifin baki, ramin ido ya yi baƙi, ƙarƙashin hanci da haɓa su yi duhu. To, a jira hunturu, ranar da hazo ya sauka a Kano ko Damagaram. Rana tana nan yadda take, amma inuwa ta dushe, wani lokaci ma sai an neme ta, fuskoki kuma su yi sumul. Ƙurar da ke cikin iska ce ta watsa hasken, sararin sama gaba ɗaya ya koma shi ne fitilar. Hasken da ya fito daga wuri mai faɗi yana isa fuska ta kusurwoyi masu yawa, abin da wannan gefe ya bari a inuwa sai wancan ya cike shi, bakin inuwar ya narke a hankali. Wannan narkewar ake nufi idan aka ce haske ya yi taushi. Ba sabon ilimi ba ne. Kimanin shekara dubu da suka wuce Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya nuna ta hanyar gwaji a Kitab al-Manazir cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma daga kowane ɗigo na abu mai haske yana fita ta kowace fuska. Duk akwatin hasken da ake sayarwa a yau, ko wane suna ne a jikinsa, a kan wannan ƙa'ida yake aiki.

Yanzu ku dubi kan filasha. Gilashin da haske ke fita ta cikinsa tsawonsa wajen santimita 7 ne, faɗinsa wajen 4. Daga nisan mita uku ɗan ɗigo ne kawai, don haka irin inuwar tsakar rana zai ba ku. Idan kuka sa filashar cikin kwali mai baki santimita 60 ta kowane gefe, kuka rufe bakin da farin yadi, yadin ne ya zama fitilar, kuma fuskarsa ta ninka ta kan filasha fiye da sau ɗari. Ku matso da shi mita ɗaya daga fuskar mutum, sai inuwar hanci ta kwanta, kumatu su zagaye. Fata ba ta tambayar ko hasken ya ratso yadin da aka ɗinka a masana'anta ne ko wanda aka yanko a Kantin Kwari. Wanda ya gane wannan ba zai faɗa wani kuskure da ya yaɗu ba, wato kifa farar roba ko ɗaura leda a kan filasha a fili da sunan tausasa haske. Abin da robar ta ƙara wa fitilar na girma bai taka kara ya karya ba. Aikinta watsa haske ko'ina ne, kuma a ƙaramin ɗaki mai farin bango hakan yana da amfani, tunda hasken zai bugi bango ya dawo da taushi. A filin biki inda babu bango kuwa, ɓarnar batir ce kawai. Akwai irin wannan hular roba ta kanti, ita ma hukuncinta ɗaya.

Sai maganar nisa, kuma a nan akwai lissafin da ya kamata a haddace. Idan nisa ya ninka biyu, hasken ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Idan ya ninka uku, ɗaya cikin tara. Wannan ne dalilin da ya sa a hoton taron dangi sahun gaba ke ƙonewa sahun baya ya nutse. Sahun gaba yana mita biyu daga filasha, na baya yana mita huɗu, ke nan na baya rubu'in abin da na gaba ya samu ya samu. A ja fitilar baya har sahun gaba ya zama a mita shida, na baya a mita takwas, sai rabon na baya ya haura rabi, bambancin ya zama abin da ido zai iya ɗauka. Lissafin nan yana kuma ba ku iko a kan bango. Mutum yana mita ɗaya daga fitila, bango yana mita uku, bangon zai yi duhu ya ɓoye tsagewa da dattin da ke jikinsa ba tare da an rataya labule ba. Sai dai ku lura da ja-in-jar da ke nan: matsowa kusa tana ƙara taushi amma haske yana saurin mutuwa, ja da baya yana daidaita haske amma yana ƙanƙanta fitilar ya kuma cinye ƙarfinta. Babu kayan da za su yanke muku wannan hukunci. Mai hoto ne ke yanke shi, a kowane ɗaki daban.

Gefen da haske ya fito shi ne mafi araha a gyara, kuma shi aka fi sakaci da shi. Muddin filasha tana zaune a kan kyamara, haske yana fita daga inda kyamara take kallo, inuwar da za ta nuna tudu da kwarin fuska duk ta faɗa bayan mutum, fuskar ta zama shafaffiya. Jan ido ma daga nan yake zuwa. A sauke ta, a kai ta gefe kamar digiri 45, a ɗaga ta sama da kai kaɗan tana kallon ƙasa, nan take fuska ta samu siffa. Masu sana'a suna danganta wani salo na wannan haske ga Rembrandt, mai zanen ƙasar Holan na ƙarni na 17, saboda ɗan hasken nan mai kusurwa uku da ke sauka ƙarƙashin ido a kuncin da ke cikin inuwa, shi kuwa a zamanin da babu lantarki ya yi aikinsa. Abin da ake bukata don sauke filasha ƙaramar tiriga ce ta rediyo ko igiya, sai mai riƙewa. Ƙani ko abokin koyo da sandar mofa a hannu ya wadatar, kuma ya fi sandar ƙarfe saurin jin magana.

Akwai dalilin da ya sa wannan duka ya fi shafar mu. Fata mai duhu tana shanye mafi yawan hasken da ya sauka mata, saboda haka babban abin da ke zana siffar fuska a hoto shi ne sheƙin da ke samanta, wato hoton fitilar kanta da ke bayyana a goshi da kumatu da karan hanci. Ƙaramar fitila tana barin ƙaramin tabo mai zafi, sauran fuskar ta zauna a duhu. Babbar fitila tana shimfiɗa sheƙi mai faɗi mai laushi wanda ke bin lanƙwasar fuska. Mai hoton da bai san haka ba yakan ƙara wa filasha ƙarfi don ya fito da fuska, sai tabon ya ƙara ƙonewa, alhali faɗi ake nema. Kuma kada ku ɗauka na'ura ta san wannan da kanta. Daga shekarun 1950 masu wankin hoto da kayan Kodak suna daidaita launi ne da wani kati mai hoton farar mace, wanda aka fi sani da katin Shirley, sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada ta yi rubutu a kan haka a 2009. Kyamarorin yau sun gyaru ƙwarai, amma ma'aunin haskensu har yanzu matsakaicin toka-toka yake nema. Idan ango ya tsaya da babbar riga fara ƙal, tsarin TTL, wanda ke auna ƙarfin filasha da kansa, zai ga fari ya yi yawa ya rage wuta, fuskar ango ta nutse. Shi ya sa nake ba ku shawarar ku koyi sarrafa ƙarfin da hannu tun daga rana ta farko.

Wannan shawara tana kuma sauƙaƙa wa aljihu, domin filashar da ake sarrafawa da hannu ita ce mafi araha. Irin su Godox TT600 da Yongnuo YN560 an yi su ne don wannan aiki, ana rage ƙarfinsu mataki-mataki daga cikakke zuwa rabi, zuwa rubu'i, har 1/128, kowane mataki rabin na gabansa. Ku haɗa da batura masu caji na NiMH, saiti biyu, da caja mai kyau. Suna sa filasha ta cika da wuri fiye da batirin yarwa, kuma a ƙasar da wuta ba ta da tabbas saiti na biyu ba almubazzaranci ba ne. Gargaɗi biyu ne a nan ba na wasa ba. Wasu tsofaffin filashohi na zamanin fim da ake samu a kayan gwanjo, kamar Vivitar 283 na farko-farko, suna tura sama da volt 200 ta ƙafarsu, abin da kan iya lalata kyamarar zamani idan aka ɗora kai tsaye. Sannan kowace filasha tana da ma'ajiyar wuta a cikinta mai riƙe kimanin volt 300 ko bayan an cire batir. Duk ƙirƙirar da za ku yi ku yi ta a wajen filasha, kada ku kwance ta.

Kafin a taɓa kwali sai an fahimci cewa haske biyu ne ke haɗuwa a kowane hoton filasha, hasken wurin da hasken walƙiya. Walƙiyar tana ƙarewa cikin ɗan ƙanƙanen yanki na sakan, saboda haka saurin labulen kyamara bai shafe ta ba, hasken wurin kawai yake ragewa ko ƙarawa. Ƙarfin filasha da nisanta su ke juya hasken walƙiya, ƙofar gilashi da ISO kuwa suna taɓa duka biyun. In kuna son fitilun zauren biki da kwalliyar bango su fito, ku sassauta labule zuwa 1/60 ko 1/30. In kuna son baya ya yi duhu, ku ƙara masa sauri. Amma akwai iyaka: a yawancin kyamarori idan aka wuce 1/200 ko 1/250, labule na biyu yana fara rufewa kafin na farko ya gama buɗewa, sai baƙin layi ya yanke hoton. Akwai kuma lambar jagora da ake rubutawa a takardar filasha, wadda take daidai da nisa sau lambar ƙofar gilashi a ISO 100. Filasha mai lamba 36 a mita za ta haska mutum a mita 4.5 da f/8, ko a mita 9 da f/4. Ku sani kamfanoni sukan rubuta lambar da aka auna lokacin da filasha ta tsuke haskenta iyakar tsukewa, don haka a aikin yau da kullum ku sa ran ƙasa da haka.

Abin gyaran haske na farko ba a haɗa shi ma, bango ne da silin. A juya kan filasha zuwa farin bango da ke gefe, bangon ya zama fitila mai faɗin mita biyu. Idan silin aka buga, haske zai sauko daga sama ya bar duhu a ramin ido, sai a ɗaura farin kati a bayan kan filasha da roba don ya tura ɗan haske gaba. Matsalar ita ce gidajenmu ba kasafai suke da farin fenti ba. Koren bango kore zai zuba a fuska, silin na roba mai launin katako ja zai zuba, rumfar biki mai ratsin shuɗi da ja kuwa ba a magana. Farar rumfa ita ce abokiyar mai hoto. Inda bango ya ƙi, nan kwali ke shigowa. A samu kwali mai kauri irin wanda masu shago ke zubarwa, a huda bayansa daidai kan filasha, a lulluɓe cikinsa da takardar aluminiyam wadda aka cukuikuye aka sake warewa, domin mai santsi tana tara haske wuri guda. A rufe bakin da farin yadi marar kauri. Sai a ɗauki hoton bakin akwatin kansa da ƙaramin ƙarfi: idan tsakiya ta fi gefe haske sosai, akwatin bai cika aikinsa ba, domin tsakiyar ce kaɗai fitilar. Maganinsa ƙaramin yadi na biyu a rataye a ciki, tazarar ɗani ɗaya daga kan filasha, ba manne da shi ba saboda zafi. Kowane yadi yana cin haske, sau da yawa rabi ko fiye, don haka ba a jibga su.

Sauran kayan ba su kai wannan wahala ba. Farin kwali ko farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji, idan aka riƙe shi a gefen da ke inuwa, yana mayar da haske ya yi aikin fitila ta biyu kyauta. Abin kare rana mai ruwan azurfa da direbobi ke sawa a gilashin mota ya fi shi ƙarfi, ko da yake ya fi shi kaifi. Baƙin kwali yana tare haske daga inda ba a so. In aka naɗe kwali kamar bututu aka zura a kan filasha, haske zai tsuke ya sauka kan hannun amarya mai lalle ko kan zobe kaɗai. In aka yanka baƙaƙen bututun shan lemo guntu-guntu, santimita uku zuwa biyar, aka manne su jere, za a samu da'irar haske mai laushin baki.

Me ya sa na ce waɗannan sun fi na kanti koyarwa? Wanda ya sayi akwatin haske ya karɓi amsa ne ba tare da ya ji tambayar ba. Ranar da hoto ya ƙi, ba shi da abin zargi sai kayan, kuma maganin da zai zo masa a rai shi ne sayen wanda ya fi tsada. Wanda ya haɗa nasa kuwa dole ya yanke shawara a kan faɗin baki, da zurfi, da kaurin yadi, kuma kowace shawara tana fitowa a hoto inda zai gan ta. Ya yanka kwali ya lalata, asararsa ba ta wuce salatif ba, gobe ya ɗauko wani. Arahar kuskure ita ke ba mutum ƙarfin halin gwadawa. Hanyar gwajin kuma ɗaya ce: a zaunar da mutum ɗaya a ɗaki ɗaya, a canza abu ɗaya tak a kowane hoto, a rubuta abin da aka canza a littafi. A fara da ISO 200, 1/125, f/5.6 da rubu'in ƙarfi, akwati a mita ɗaya, sannan a gyara daga nan. David Hobby, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar hoto a jaridar Baltimore Sun ta Amurka, ya shahara daga 2006 da koyar da ɗimbin mutane irin wannan aiki na ƙaramar filasha a gefe da kayan haɗin gida, kuma shi kansa daga aikin jarida ya fito da shi, inda babu lokaci babu wurin ɗaukar manyan fitilu.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Mai biki yana kallon kayan mai hoto kafin ya ga hoto, wanda ya shigo da kwali ɗaure da salatif zai sha raini, a kuma taya aikinsa da arha. Gaskiya ne, ba zan ce muku mutane ba sa auna mutum da abin da ke hannunsa ba. Amma ɗakin koyo daban, wurin aiki daban. A gida ku yi ta yanka kwali. Wanda za a fita da shi kuwa a yi masa aiki mai tsabta, a lulluɓe bayansa da baƙin yadi, tela ya ɗinka masa baki, ba mai cewa daga shago aka tsinto shi. Farar lemar hoto ta kanti ma tana cikin mafi arahar kayan sana'ar, ba laifi ta zama abin fita. Bayan haka, hoton farko da kuka nuna wa uwar biki a bayan kyamara shi zai yanke maganar.

Wasu kuma za su ce zamani ya wuce wannan wahala, waya tana ɗaukar hoton dare, manhaja tana gyara fuska, ga fitilun LED masu araha da ake ganin haskensu kafin a danna. Fitilar LED tana da kyau wajen koyo, kuma ita ce ta bidiyo, duk kwalin da kuka haɗa zai yi aiki da ita. Sai dai ƙaramar filasha mai batir huɗu tana zubo haske a walƙiya ɗaya wanda ƙaramar fitilar LED ba ta kusa da shi, kuma gajartar walƙiyar tana tsayar da motsi. A kan wannan siffa Harold Edgerton na jami'ar MIT ya gina aikinsa tun 1931, har ya ɗauki fantsamar ɗigon madara a 1957 da harsashi yana ratsa tuffa a 1964. Walƙiyar ce za ta tsayar muku da gyalen mai rawa da kuɗin liƙi a iska. Manhaja kuwa tana iya haskaka abin da ke cikin hoto, amma aikin zaren da ya ƙone ya koma fari fat babu shi a fayil ɗin, abin da za ta sa a wurin ƙirƙira ce. Mai shadda ya san aikin da ya biya, zai gane ba nasa ba ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina daga Bamako take. Malick Sidibé ya yi shekarun 1960 da 1970 yana zagaya wuraren rawar matasa da dare da filasha tana kallon mutane kai tsaye, babu akwati babu lema, kuma aikinsa ya kai shi ga kyautar Hasselblad a 2003 da Zakin Zinare na baje kolin Venice a 2007. Ashe ke nan kaifin haske ba aibi ba ne. Na yarda, kuma ban taɓa nufin taushi shi ne kyau ba. Amma ku duba hotunan da kyau. Ya san nisan da zai tsaya, ya san inda inuwa za ta faɗa, kaifin hasken kuma ya dace da zafin daren da yake ɗauka. A garin nan dai Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a 1948, ya fi yin aiki da hasken rana a tsakar gida da zane a rataye a baya. Mutum biyu, hanya biyu, kayan kowannensu bai kai abin da ke jakar ɗan koyo a yau ba. Kowannensu ya san abin da haskensa zai yi kafin ya danna. Ku yi amfani da filasha tsirara ranar da hoton ya nemi haka, amma ya kasance kun iya ɗayar hanyar kuka bar ta da gangan.

Kayan gida suna da iyaka, kuma ɓoye ta ba nasiha ba ce. Farin yadi ba duka ne fari ba, akoko yana ja zuwa rawaya, wanda aka wanke da bula yana ja zuwa shuɗi, don haka a daidaita farin kyamara da hoton farar takarda kafin a fara. Hasken filasha yana wajen 5500 zuwa 6000 a ma'aunin Kelvin, tsohon ƙwan lantarki mai ja yana wajen 2700, idan suka haɗu fuska ta yi fari ɗaki ya yi ja. Ledar launi ta ainihi da ake sawa a kan filasha don gyara wannan ba ta da tsada, kuma a nan ban ba da shawarar ledar alewa ba, launinta ba ya tsayawa. Rana ma tana fin ƙarfin ƙaramar filasha. A tsakar rana, ISO 100 da 1/200 suna neman kusan f/11, filasha mai lamba 36 tsirara ba za ta wuce mita uku da ɗan kai ba, in akwati ya cinye kashi uku cikin huɗu na haskenta sai ta dawo mita ɗaya da rabi. Dabara ita ce a kai mutum inuwar bango ko ta bishiya, ko a jira la'asar sakaliya. Kwali kuma ba ya jure ruwa, iska tana ɗaukarsa, babur yana murƙushe shi.

Akwai ladabin da ke tafiya da walƙiya wanda bai kamata gwaji ya mantar da ku ba. Ba a walƙa wa jariri a ido daga kusa, ba a walƙa wa direba ko mai babur da dare, ba a walƙa wa doki a fuska ranar hawan sallah. A cikin taron mata a nemi izini kafin a ɗaga kyamara, wadda ta kau da kai a bar ta. Wanda kuka zaunar don gwaji ma yana da ido, ku rage ƙarfi ku ba shi hutu.

Idan kuɗi suka fara shigowa, ku saya bisa abin da ya hana ku aiki a bikin da ya wuce. Ga mafi yawanku wannan zai zama sandar ɗora fitila da maƙalinta, domin mai riƙewa yana gajiya, hannunsa yana sauka ba tare da ya sani ba, hasken hoto na ashirin ya bambanta da na farko. A ɗaura wa ƙafarta jakar yashi saboda iska. Bayanta lema ko akwati mai naɗewa wanda zai shiga jaka a hau babur da shi, kuma a lokacin kun riga kun san faɗin da kuke bukata tunda kun gwada uku ko huɗu na kwali. Filasha ta biyu ta jira sai kun iya faɗin inda za ku ajiye ta da dalilin ajiyewar. Galibi wurinta bayan mutum ne, can gefe, da ƙaramin ƙarfi da bututun kwali a kanta, don ta zana siririn haske a gefen hula ko ɗankwali ta raba baƙin gashi da duhun bango.